Kwale-kwale da fatsa a Dam ɗin Doma

Yawancinmu mutanen Keffi iyakar saninmu da ruwa Kogin Antau ne, sai busasshen kifin da muke saya a kasuwa. Shi ya sa nake son in ba ku labarin Dam ɗin Doma, inda nakan je su idan na samu hutu. Daga Keffi za ka bi ta Akwanga, ka ratsa Lafiya, sannan ka shiga Doma.

Ruwa ne shimfiɗe tsakanin tuddai. Da sassafe ba ka jin komai sai ƙarar filafili da kukan tsuntsaye. Wani dattijon masunci nake bi a kwale-kwalensa na katako, kuma dokarsa ɗaya ce: "Ɗana, zauna a tsakiya, kada ka miƙe ko da kifi ya ja." A wurinsa na koyi cewa karfasa gefen ciyawa take kiwo, tana kuma cin tana, ita kuwa tarwaɗa ƙasa take kwanciya cikin laka, sai yamma ta yi take yawan cin ƙugiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Baba yake mayar da ƙananan kifi cikin ruwa. Akwai karfasar da take ɗauke da ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, wanda ya kama ta a lokacin ya kashe ɗaruruwa. Masu jan gidan sauro a matsayin koma, da masu zuba guba a ruwa, abincin 'ya'yanmu suke cinyewa tun yau. Ko a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, hana su ake yi a Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake fito da manya.

Ga matasanmu masu sha'awar zuwa, ku nemi izinin masuntan wurin, ku sa rigar kariya ko kun iya iyo, kada ku cika jirgi, kuma ku fito kafin magariba. Hukumar NIWA ma ta hana tafiyar dare a ruwa. Iskar damina ba ta sallama idan za ta taso, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne.

Allah Ya tsare mu, Ya albarkaci masuntanmu.