Hayaƙin Rokar Baba

Duk wanda ya tashi a 'Yargoje a zamanin ƙuruciyarmu yakan san rokar Baba na tafe tun kafin ya gan ta. Kukanta ke fara isowa, sai hayaƙi, sannan ita kanta ta ɓullo ta hanyar Sheme tana rangaji da lodin masara kamar mai tsohon ciki. A goshinta an rubuta "Sannu Ba Ta Hana Zuwa" da jan fenti, kuma ba mu taɓa ganin sunan da ya bi jikin mai shi kamar wannan ba. Mu yara mukan bi ta a guje, muna shaƙar baƙin hayaƙin muna ihu. A wurinmu alamar ƙarfi ne. Motar da ba ta hayaƙi, cewa muke yi ba ta ci ta ƙoshi ba.

Marsandi ce 911, mai gajeren hanci da bodin katako. Injinta shi ne OM 352, mai silinda 6, mai shan gas, wanda kamfanin Mercedes-Benz ya fara fitarwa a 1964. Irinta ne aka riƙa haɗawa a masana'antar ANAMMCO ta Enugu, wadda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1980, lokacin da Bauchi ke da Steyr, Kano ke da Fiat, Kaduna kuma ke da Peugeot. Baba bai saye ta sabuwa ba, shi ne hannu na uku. Amma da ita ya biya mana kuɗin makaranta, da ita ya aurar da mu. Ta kai hatsi Ɗandume da Funtuwa, ta kai har Dawanau a Kano. Ta ɗauki kayan jeren amare, ta ɗauki 'yan zuwa gaisuwar mutuwa, kuma waɗannan biyun Baba bai taɓa karɓar ko kwabo a kansu ba.

A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar tsaro. Aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana ɗauko itace daga daji, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu da dama. Baba ya kai rokarsa ƙarƙashin bedin ƙofar gida, ya sa mata weji, ya ce mako biyu ne. Kafin hanya ta dawo daidai tari ya kwantar da shi. A asibiti likita ya tambaye mu ko yana shan taba. Muka ce bai taɓa ba. Ya tambayi sana'arsa, muka faɗa masa, ya kaɗa kai ya ci gaba da rubutu. Sai daga baya ƙanwarmu mai aikin jinya ta gaya mana cewa tun a 2012 masu binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hayaƙin injin gas cikin abubuwan da ke haddasa dajin huhu. Ajali na Allah ne. Amma mun tuna da hujin da ke ƙarƙashin kujerar direba, da salansar da ta fashe daidai wurin, da yadda rigar Baba ke baƙi a ƙeya duk ranar da ya dawo daga tafiya.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Sannan aka yi daren Lahadi, 9 ga Yuni, 2024, da 'yan bindiga suka shigo garin suka kashe mutane da dama, suka tafi da wasu. Rabinmu muka koma Funtuwa. Roka tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun zauna, kaji na ƙwai a gidan gaba.

Ranar rabon gado 'yan gwangwan suka zo da sikeli, suka yi mata kuɗi a kan kilo. Kuɗin ba laifi, kuma kowannenmu yana da inda zai sa su. Inna tana bayan labule ba ta ce uffan ba sai da aka kusa sallamawa.

"Ku sayar in kun ga dama," ta ce. "Amma ku bari sai na tafi unguwa. Ba a yanka ta ina gida."

Ba tausayi kaɗai ya hana mu ba, akwai lissafi. Direbobin waje ba su son hanyarmu. Wanda ya yarda ya zo, kuɗin da zai yanka sai ya cinye ribar buhu. Saboda haka manomi kan sayar da masararsa a bakin gona yadda mai saye ya so. Gari na bukatar motar ɗan gari, wanda ya san lokacin fita da lokacin da ba a fita. Muka yanke shawara mu tada ta, muka ce tsohon yaron motar Baba, wanda muke kira Kawu, shi zai tuƙa.

Takardunta duk sun mutu: lasin, inshora, da takardar shaidar lafiyar mota, wadda masu duba motoci na jiha, wato VIO, ke bayarwa. A tasha wani mutum ya ja Yaya gefe, ya ce a kawo lambar mota da kuɗi, jibi takarda za ta zo, ba sai mota ta motsa daga inda take ba. Yaya ya dawo gida da murna. Ya ce kowa haka yake yi, kuma kuɗin gyaran gaske ya ninka wannan sau ba adadi. Aka raba gari: maza biyu na bayan Yaya, mata na tare da ƙanwarmu. Muka kwana biyu ba mai yi wa wani magana sai gaisuwa.

Kawu ne ya kashe gardamar. Ya zauna a kan tabarma ya cire hula ya ce, "Yaran nan, mi kuke so in ce? Takarda ba ta taka birki. A hanyar nan ba mai kaki nake tsoro ba. Tsorona mota ta mutu mini bayan la'asar tsakanin nan da Sheme, da mutum goma a saman kaya. A lokacin wa zan nuna wa takarda? In ita kuke so ku saya, ku nemi wani direban."

Yaya ya daɗe yana kallon ƙasa. Washegari shi ya nemo motar da ta ja ta zuwa Funtuwa.

Bakaniken da muka kai wa tsoho ne, ya san motar tun tana hannun mai ita na biyu. Da aka sa batir aka samu ta tashi, gareji ya turnuƙe har masu shayi na maƙwabta suka fara zagi. Ya bar ta tana kuka ya tsaya yana kallon bakin salansa kamar mai duba, sannan ya karanta mana. Hayaƙi uku ne, in ji shi. Baƙi, mai ya yi wa iska yawa, bai ƙone duka ba. Shuɗi, injin na shan baƙin mai, ring ya cinye. Fari wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ko gas na fita ɗanye, ko ruwa na shiga inda bai kamata ba. "Taku," ya ce, "ta haɗa biyu, tana neman na uku."

Da ya kwance famfon gas sai ya kira mu ya nuna mana inda aka tsinke hatimin kamfani. Tsohuwar dabara ce ta direbobi: a buɗe wa famfo mai don mota ta hau tudu da kayan da suka fi ƙarfinta. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, sauran man a iska yake tafiya. Kawu ya sunkuyar da kai, don shi ya riƙe fitila ranar da aka yi aikin. Ashe hayaƙin da muke bi muna ihu kuɗin Baba ne ke ƙonewa.

Aka kai famfon Kano aka ɗora shi a kan injin gwaji, aka daidaita abin da kowace silinda za ta samu. Nozul shida aka gwada, huɗu na ɗiga maimakon feshi. Muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman sababbi, inda abu ɗaya ke da farashi uku: na asali, na Beljiyam, da wanda kwalinsa kawai ya yi kama. Nan muka koyi cewa araha ba ta ado, don ring ɗin farko da muka saya da sauƙi bakanike ko buɗe ledarsa bai yi ba, ya ce mu mayar. Aka sake matatar iska da ta gas, aka wanke tanki aka kwashe laka kusan cikin kwano, ribar shekarun sayen mai a jarka a bakin hanya. Mai walda ya yi sabuwar salansa ya toshe hujin ƙarƙashin kujera. Ƙanwarmu ta tsaya a kansa har ya gama.

Sai birki, da tankin iskar da ke huci ta ko'ina. Sai tayoyi. Mai faci ya nuna mana lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ɗaya daga cikin na gaba ta girmi ɗan Yaya da ke aji shida. Sai riwaya ya bi fitilu da sigina ɗaya bayan ɗaya, aka liƙa kyalle mai ƙyalli a bayan bodi, aka sayi tukunyar kashe gobara. Gonar gado ɗaya ta tafi jingina kafin a kai nan.

Ɗan ƙaninmu da ke jami'a ya riƙa karanto mana dokoki a waya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988 take. Hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, an kafa ta a 2007, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idar hayaƙin motocin fetur da na gas. A Legas akwai cibiyoyin da kwamfuta ke auna birki, a zura na'ura a salansa ta auna hayaƙi. Ya ce manyan motocin Turai na yanzu suna da matatar da ke kama toka tun kafin ta fita. Bakanike ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, wannan ba za ta zama 'yar Turai ta bana ba ko za mu shekara a kanta. Abin da za mu iya shi ne ta koma yadda Bajamushe ya yi ta. Shi ma ba ƙaramin abu ba ne."

Ranar dubawa Kawu ya sa fararen kaya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Jami'in da ya fito yaro ne, motar ta girme shi nesa ba kusa ba. Ya gaida Kawu da "Baba, ina kwana," ya zagaya, ya duba lambar injin da ta shasi, ya sa aka kunna fitilu. Ya ce a taka totur sau uku. Ta yi ɗan tari baƙi a na farko, sauran biyun ba a ga komai ba sai iska mai rawa. Muka fara murmushi. Sai ya hau ya kaɗa sitiyari hagu da dama, ya sa aka yi gaba aka taka birki, motar ta ja gefe guda.

"Baba, ku yi haƙuri," ya ce. "Sitiyarin na da wasa da yawa, kuma birkin bai kama daidai ba. Ku gyara ku dawo."

A hanyar komawa gareji ba abin da ba mu faɗa ba. Yaya ya ce ga abin da ya guda tun farko. Wani ya ce yaron neman wani abu yake, ba mu gane ba ne. Bakanike bai tanka ba, ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Jim kaɗan ya fito da kan sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, ya ɗora wa Yaya a tafin hannu. Ƙwallon cikinta ya cinye, da yatsa biyu ake girgiza shi. Rami ɗaya mai kyau da cikakken lodi, da ta fita, mota ta tafi inda ta ga dama. Ya ce shi kansa ya duba wurin bai gani ba, tsufa ya fara taɓa idonsa. Yaya ya sa ƙarfen a aljihu. Har yau yana kan tagar ɗakinsa.

Mako guda bayan haka muka koma. Jami'in ya maimaita duk abin da ya yi a karon farko, bai rage ko ɗaya ba, sannan ya sa hannu.

Da kaka ta yi, roka ta shiga 'Yargoje da hantsi. Yara suka fito, amma ba su bi ta da nisa ba, babu abin bi. Wani dattijo abokin Baba ya leƙa bayanta ya daɗe, ya ce, "Wannan ba ta Alhaji ba ce. Ta Alhaji tana da murya." Inna ta fito da mayafi ta dafa ƙofar direba, ta leƙa inda hujin yake a da, ta koma ciki ba ta ce komai ba. Can sai ga yarinya da kwanon fura, wai a ba Kawu.

Yanzu tana fita bayan gari ya waye sarai, ta dawo kafin la'asar. Kawu ba ya ɗora abin da ya wuce ƙa'ida, ko da mai kaya zai yi fushi, kuma ya ce galan ɗin da ke kai shi Funtuwa a da yanzu yana rage saura. Gonar tana hannun mai jingina, mun biya kusan rabi. Takardar tana cikin leda a aljihun gaba, da ranar da za ta mutu a rubuce. Ƙanwarmu ta sa ranar a wayarta. Duk yammacin da motar ke hanya, ɗayanmu kan fita bakin titi ya tsaya. Ba a ganin hayaƙinta daga nesa kamar da, sai dai a kasa kunne.