Addu'a a Galmi, Shekarar Yunwa

Mu Kiristocin Wushishi mun taso da labarin baƙi masu ƙetaro teku su yi wa waɗanda ba su sani ba addu'a. A 1904 Turawan mishan na SIM suka kafa tasha a garinmu, lokacin da Gwamna Lugga ke zaune a Zungeru, nan kusa da mu. Kakata ba ta rabo da zancen Likita Stirrett, Bature Mai Magani, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Ita ma gadon labarin ta yi. Shi ya sa da aka yi sanarwa a majami'a, a damunar 2005, cewa ana neman masu zuwa Nijar aikin bishara, na ɗaga hannu tun ban shawarci maigidana ba.

Shekarar ba ta yi wa Nijar daɗi ba. Fara ta cinye gonaki a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, rumbuna suka ƙare tun kaka na nesa. Muna ji a rediyo ana ta gardama, har Shugaba Tandja Mamadou ya ce ba yunwa a ƙasarsa. Ikilisiya ta tara baiko, zumuntar mata ta haɗa zannuwa da sabulu. Muka bi ta Tegina, Kontagora, Yawuri, Sakkwato, sai Illela.

A bakin iyaka gabana ya yi ta faɗuwa. Na naɗe Littafina cikin zani, na tura shi ƙasan jaka. Jandarma ya zazzage jakar, ya ɗago shi, ya jujjuya. "'Yan mishan ne? Galmi za ku?" Na gyaɗa kai, bakina ya bushe. Sai ya ce a can aka yi wa mahaifiyarsa aiki, mu gaida masa likitoci.

Galmi ƙaramin gari ne gabas da Birnin Ƙonni, albasa ce ta kai sunansa duniya, sai kuma asibitin da SIM ta buɗe a 1950. Shugabanmu ya kafa mana doka: a yi sallama, a nemi izini, kada a dafa kowa sai ya yarda. Ya kuma ba mu ɗan littafi mu riƙa rubuta yawan waɗanda muka yi wa addu'a, don rahoto.

Ɗakin yara ne ya karya ni. Warin magani da na zawo, ƙudaje, ma'aikata na kai da komo ba hutu. Amma shirun ne ya fi ba ni tsoro. Yara cike da ɗaki, kusan ba mai kuka, tamowa ta cinye har ƙarfin kukan. Gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura.

Wata tsohuwa na zaune da jikanta a cinya, tana kora masa ƙuda da gefen mayafi. Na durƙusa.

"Sannu da jinya, Inna. Ko kin yarda in yi wa yaron addu'a?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke Kirista ce?"

"I, Inna."

"To, ai maganin ma naku muke sha. Yi, 'yata. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake."

Ni ce takobin ke nan. Na rufe ido, ita ta ɗaga tafukanta ido buɗe. Duk kalmomin da na tsara tun a mota suka gudu. Abin da ya fito kawai, Ubangiji ka ji tausayin yaron nan, ka ji tausayinsa, ina ta maimaitawa. Da na zo kan "cikin sunan Yesu" muryata ta yi ƙasa, ni kaɗai na ji. Ta ce amin, ta shafa a fuskarta, ta shafa wa yaron.

Da safe na tarar da wani yaro a gadon.

Na same ta ƙarƙashin bishiya tana ɗaure ƙunshinta. Na so in juya, don na tabbata za ta ce bakina ne. Ta yafuto ni. "Ya koma da asuba. Kwana ne ya ƙare." Ni da na zo ba da haƙuri, ni ake rarrashi. Can ta ce, "'Ya'yanki nawa?" Na ce Allah bai kawo ba tukuna. Ta kama hannuna, nata busasshe, da zafi, ta karanta Fatiha, ta roƙa mini masu albarka, ta yi mini tofi. Na yi jim, ina tunanin abin da Baba Fasto zai ce in ya gani. Sannan na ce amin, da ƙarfi kuwa.

A lokacin na ɗauka addu'a ma cikin kayan da muka ɗauko take, mu ne masu rabawa, su masu karɓa. Kada ku tambaye ni ko na haihu daga baya, ba zancen ke nan ba.

Da muka dawo Wushishi aka karanta rahoto ranar Lahadi, aka faɗi adadi, jama'a suka tafa. Yaron yana cikin adadin. Addu'ar da aka yi mini kuwa ba ta shiga littafin ba, ni ma ban faɗa ba sai yau. Tun da aka sace ɗaliban Islamiyya a Tegina a 2021, ko Kontagora za ka sai ka yi shawara da na gida, ni kuma ban sake taka Nijar ba.