Yaron lungu da kocin zamani

Jama'a, tun jiya abin nan yake ci na, bari dai in amayar da shi a nan.

Na raka ɗan yayana gwajin 'yan ƙwallo a wani fili a nan cikin gari. Shekararsa 15, ɗan firit da shi. Minti ashirin ya buga, ya yanke mutum biyu, ya ba da fasin ɗin da aka ci. Da aka tashi koci ya ce jikinsa bai kai ba, kuma ya cika riƙe ƙwallo. Dogaye aka ɗauka. Muna kan babur, daidai Ƙofar Na'isa, ya ce da ni, "Baffa, in haƙura ne kawai?" Wallahi na rasa amsa.

Mu da muka tashi a lungunan cikin badala mun san irin ƙwallon da lungu yake koyarwa. Ba fili, ga kwata, ga masu wucewa. Mutum ya taso maka, zaɓi uku gare ka: ka yanke shi, ka miƙa wa na gefe, ko ka buga wa katanga ta dawo maka. Ƙafarsa kake kallo, ita za ta gaya maka wanne za ka yi. Ƙarami da wannan yake kayar da babba.

Abin mamaki, irin wannan muhawara ake yi a ƙwallon jami'o'in Amurka, waccan mai kama da zari-ruga. Suna da wani tsohon salo: mai raba ƙwallo ya zuba wa 'yan baya biyu ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaɓa, ya miƙa, ya ruga da ita, ko ya cilla gefe. Makarantun sojojinsu na ƙasa da na ruwa da na sama sun daɗe a kansa, don ba sa samun ƙartin da manyan jami'o'i ke samu. Jami'ar Georgia Tech ta watsar da shi bayan kocinta Paul Johnson ya ajiye aiki a 2018. A 2022 aka tsaurara dokar tare mutum ta ƙasan ƙugu, wadda salon ya dogara da ita, har aka fara yi masa ta'aziyya. Sai ga makarantar sojan ƙasa ta ci wasa 12 a 2024, ta sojan ruwa ta ci 10. Ba su yar da salon ba, kwaskwarima suka yi masa.

To mu fa? A 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa, da ya zama sarkin cin ƙwallo a gasar Najeriya a rigar Pillars, ba ƙato ba ne. Rabi'u Ali Pele kuwa da kai yake buga tasa, shi ya sa ya daɗe ana damawa da shi.

Ban ce a bar atisaye da gina jiki ba. Yaron namu ma yana da gyara, wani lokacin yankan yana yi masa yawa. Amma jiki ana gina shi da tuwo da shekaru. Idon da yake karanta ƙafar abokin karawa kuwa, in ka kashe shi da tsawa, da wuya ya dawo. Ni ma ban fita ba, sau nawa na tsaya bakin fili ina ihun "doka ta gaba!"

Da daddare na je gidansu na same shi a soro. Na ce kada ya haƙura, kada kuma ya daina ɗaga kai kafin ya taɓa ƙwallo. Asabar mai zuwa akwai wani gwajin, ni zan kai shi.

Kociyoyin da ke bibiyata, don Allah ku ba ni amsa: tsawo kuke nema ko ɗan ƙwallo?