Ranar da aka mayar wa mussa ɗiyanta a Malbaza

Duk wanda ya baro Birnin Ƙonni bisa babbar hanyar kwalta mai lamba 1, ya nufi Madawa da Maraɗi, abin da zai fara tsaya masa a ido a Malbaza shi ne masana'antar siminti, wadda ke wurin tun shekarun 1960, da manyan motoci jere suna jiran lodi. In ya ƙara gaba zuwa Galmi sai ƙanshin albasa ya tarbe shi, albasar nan da Turawa ke kira Violet de Galmi, wadda ake ci har Abijan da Akara da Kwatano. A ƙauyuka kuwa rumbunan ƙasa ne tsaye, ana zuba musu hatsi bayan kaka. To, a tsakanin rumbu da mangaza da tarin buhuna akwai wata ma'aikaciya da ba a taɓa rubuta sunanta a littafin albashi ba, ita ce kyanwa, wadda mutanen wannan yanki ke kira mussa.

Zamanta da ɗan Adam ba na jiya ba ne. A shekarar 2004 masu binciken tarihi na ƙasar Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekaru 9,500, inda aka rufe mutum da kyanwa kusa da juna. Masana na ganin cewa tun da mutum ya fara tara hatsi ɓera ya biyo hatsin, kyanwa kuma ta biyo ɓeran, daga nan zama ya haɗa su. Amma duk da wannan tsohuwar ma'amala, ranar da mussa ta shiga uku mutane sukan rabu biyu: waɗansu su wuce abinsu, waɗansu kuma su zo da taimakon da ya wuce kima, har garin neman gira a rasa ido. Ga yadda wani tsoho ya bi ta tsakanin waɗannan biyun.

Maigadi ne na wata mangazar buhuna a bakin hanya cikin garin Malbaza. Da ƙuruciyarsa ya yi dakon siminti har bayansa ya ƙi, sa'an nan ya koma gadi. Wata mussa mai ruwan toka ta daɗe tana zaune cikin mangazar. Ba tasa ba ce, bai taɓa shafa ta ba, iyakarsa da ita ya ajiye mata ruwa cikin kasko. Wata rana da ɗari, lokacin da manoma ke shirin cirar albasa, aka zo da amalanken jaki da la'asar aka kwashe ɗaurin buhunan wofi guda uku. Da dare ya yi sai mussa ta kama wani irin kuka mai tsawo, wanda ba na yunwa ba ne, ba kuma na neman muzuru ba. Ta shiga lungun da aka kwashe buhunan ta sunsuna, ta fito ta kewaya mangazar, ta sake komawa. Da tsohon ya haska ta da fitila sai ya ga cikinta ya saki, nonuwanta sun cika. Nan ya gane ta haihu cikin buhunan, kuma an tafi da ɗiyan ba wanda ya sani.

Mai karatu zai so ya san dalilin da ya hana tsohon runtsawa a daren nan. Kyanwa tana ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65, sa'an nan ta haifi ƴaƴa makafi, kunnuwansu a toshe, kowane nauyinsa kamar giram 100, wato bai fi albasa matsakaiciya ba. Idanunsu ba sa buɗewa sai bayan mako ɗaya zuwa biyu. Har su yi kusan mako uku jikinsu ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, sai sun lafe da uwa da juna. Suna bukatar nono kusan kowane awa biyu ko uku, kuma nonon farko shi ke ba su kariya daga cututtuka. Ko fitsari da kashi ba sa iya yi sai uwar ta lashe musu ƙasan ciki. Saboda haka a daren hunturu sanyi kan riga yunwa kashe ɗan mussa.

Da aka idar da sallar asuba tsohon ya tambayi masu lodi inda buhunan suka nufa, aka ce masa wata garka ce a wani ƙauye ta hanyar Galmi. Ya tashi jikansa, yaro ɗan shekara goma sha biyu.

Yaron ya ce, "Kaka, yanzu saboda mussa za mu yi wannan tafiya da sanyin nan?"

Ya ce, "Kai ma da aka haife ka ba ka fi ɗan mussa amfani ba, amma aka riƙe ka. Ɗauko takalminka."

Masu shayi na bakin hanya suka yi ta dariya. Wani ya ce tsufa ya fara taɓa Baba, wani ya ce mussa ai abokiyar mayu ce, a bar ta da abin da ya same ta. Tsohon bai tanka ba. Ya kwance bakin aljihu ya ba mai kabu-kabu dala ɗari biyu, kuɗin da ya ware domin cefanen ranar.

A garkar suka iske matar manomin ta riga ta tsinci ƴaƴan tun da daddare, lokacin da aka kwance ɗaurin. Huɗu ne. Ta sa su cikin ƙwarya, ta tatso nonon akuya ta riƙa ɗura musu da cokali. Kafin gari ya waye ɗaya ya mutu. Ta ce, "Wallahi Baba, na yi iyakar ƙoƙarina." Ya ce, "Na gani, ɗiyata, Allah ya ba ki lada." Niyyarta alheri ce zalla. Sai dai jikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci, nonon akuya ko na saniya kuma bai kai na kyanwa ƙarfi ba, ɗuran cokali kuwa yakan bi ta hanyar numfashi ya sauka cikin huhu. Abin da ya kamata a fara ba su shi ne ɗumi.

Jikan ya kawo shawara a koma a kama uwar, a sako ta cikin buhu a kawo ta garkar, tun da ga mai kula da su an samu. Tsohon ya ƙi. Ya san mussa wuri take riƙewa, in an kai ta baƙon wuri a firgice daji za ta shiga, a yi biyu babu. Ya kuma san mai jego ba ta kamuwa da hannu cikin lumana, cizonta kuwa ba abin wasa ba ne, tun da haukan kare yana kama kyanwa, ita ma tana iya sa wa mutum. Sai ya roƙi buhun da aka haife su a kai, wanda ke ɗauke da warin uwar da nasu, ya naɗe shi. Ƴaƴan uku kuma ya sa su cikin rigarsa, fata da fata, ya ɗaure da rawani, har suka iso Malbaza.

Ya shimfiɗa buhun daidai lungun da aka ɗauke shi. Ya ɗora bulo bisa garwashin mai shayi har ya yi ɗumi, ya naɗe shi da tsumma ya jingina a gefe, yadda in zafi ya ishe su za su iya matsawa. Ya kwantar da su wuri ɗaya, ya ajiye ruwa da kan kifi can nesa kaɗan, domin kada warin abinci ya jawo muzuru ko kare bisa kansu. Sa'an nan ya barbaɗa toka kewaye da buhun, don in ta zo ba ya nan sawunta ya ba shi labari.

Daga nan ne aikin ya yi wuya, domin babu sauran abin yi sai jira. Yaran unguwa suka cika ƙofa suna leƙe. Mussa ta ɓullo bisa katanga, ta ga taro, ta yi tsaki irin nasu ta juya. Jikan ya zabura zai bi ta.

Ya ce, "Kaka, bari in kamo ta in ɗora ta bisa kansu, in ta ji su ai za ta tsaya."

Tsohon ya ce, "Zauna. Ba a koya wa uwa ɗanta. Namu ya ƙare, saura nata."

Ya kori yaran, ya tura ƙyauren ya bar ƴar kafa, ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin bishiya can tsallake, ya ba mangazar baya. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, toka na nan lafiya lau ba sawu. Sau biyu ya shiga a hankali ya sake ɗumama bulon, ya taɓa ƴaƴan ya ji da sauran motsi, ya fito. Wani maƙwabci ya ce masa ya ɓata wahalarsa, domin kowa ya san mussa ba ta karɓar ɗan da hannun mutum ya taɓa, wani lokaci ma cinye shi take yi. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, amma likitocin dabbobi ba su yarda da ita ba. Abin da ke korar uwa shi ne hayaniya da yawan kai-da-kawo a wurin da ta zaɓa don ɓuya. Abin da ke jawo ta kuwa siririn kukan ƴaƴan ne, wanda kunnenta ke tsinta daga nesa.

Ana kiran sallar magariba, da ƙafa ta ɗauke, ta sauko. Ta tsaya bakin kafar ta daɗe, ta shiga tana sanɗa, ta sunsuni buhun, ta sunsuni na farko, sai ta kama lasarsa da ƙarfi har yana birkicewa. Ta kwanta ta ba su ciki. Bayan sun sha sun yi shiru, ta kama ɗaya a ƙeya ta fita da shi, ta dawo ta ɗauki na biyu, ta dawo ta ɗauki na uku, ta kai su ƙarƙashin wani rumbu a gidan da ke bayan mangazar. Sa'an nan ta sake dawowa karo na huɗu. Ta tona buhun, ta kewaya lungun, ta yi kira ƙasa-ƙasa, ta saurara. Da ba a amsa ba ta tafi. Jikan ya buɗe baki zai yi magana, kakansa ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya yi shiru.

Tsohon bai bi ta ya ga sabon wurin ba, ya kuma roƙi masu gidan su hana yara zuwa. Bayan mako biyar ko shida aka ga ƴan mussa uku suna wasa da ɓawon albasa a ƙofar mangazar.

Irin wannan naci na uwa ba a Malbaza kaɗai aka san shi ba. A shekarar 1996 gobara ta kama wani garejin da ba kowa a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka, wata kyanwa da aka sa wa suna Scarlett ta riƙa shiga cikin wutar tana fito da ƴaƴanta biyar ɗaya bayan ɗaya, har fuskarta ta ƙone idanunta suka rufe, ta koma tana taɓa kowane da hanci. Addini ma bai bar wannan babi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ambaci sahabi Abu Ƙatada yana karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da su. Abin lura a nan, umurnin na mayarwa ne, ba a ce su zauna su yi renon ƴaƴan da kansu ba.

Don haka wanda ya tsinci ƴan mussa cikin rumbu ko bayan buhuna kada ya yi gaggawar cewa marayu ne. Uwar takan fita farauta ta yi sa'o'i. In suna kwance shiru, jikinsu da ɗumi, cikinsu a cike, to tana kusa. Ya ja da baya, ya barbaɗa toka, ya dawo daga baya. In kuwa an riga an raba su, a fara da ɗumi, a mayar da su inda aka ɗauko su tare da shimfiɗarsu, a kore taro. Sai in ta tabbata uwar ta mutu ko ta ƙi dawowa ne za a nemi wata mai shayarwa ko shawarar ma'aikacin kiwo. Masu lodi kuma ba abin da zai rage musu in sun kakkaɓe buhu kafin su ɗaure.

Darasin bai tsaya ga dabba ba. Sau da yawa in aure ya mutu akan ɗauke yaro daga uwarsa da zarar an yaye shi, ana cewa gidan uba ya fi abinci da sutura, alhali kuwa a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan uwa ce ke kan gaba wajen riƙon ɗa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta, muddin sharuɗɗan riƙon sun cika. Masu ɗaukewar ba lalle mugaye ba ne, da yawansu kamar matar garkar nan suke, da ƙwaryarsu da cokalinsu da kyakkyawar niyya. Sai dai akwai abin da ba ya shiga cokali. Mai taimako na ƙwarai shi ne wanda ya san iyakar nasa, ya kai abu ga mai shi, sa'an nan ya iya janye hannu. Allah ya sa a dace, amin.