Malam Bello Kagara Da Littafinsa Gandoki

Ya ku 'yan makaranta, na lura in an ba ku Gandoki, sai ku yi ta sauri ku wuce yaƙe-yaƙen farko, don ku kai wurin aljannu. To, ku dakata in gaya muku wanda ya rubuta shi.

An haifi Malam Muhammadu Bello a 1890, ɗan alƙalin Kagara ne, wan Malam Abubakar Imam. Yana ɗan shekara 11 Turawa suka ci Kwantagora, watau 1901. Bayan ya yi karatun Muhammadiyya, ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, daga baya ya daɗe yana koyarwa a Kwalejin Katsina. Da Dokta East ya sa gasar ƙaga labarai a 1933, shi da ƙanensa duk suka shiga. Ƙanen ya kawo Ruwan Bagaja, shi kuwa ya kawo Gandoki.

Ku duba fa. Mutumin da ke aiki ƙarƙashin Turawa, Bature ne kuma zai buga littafin, amma ya ɗauko barden Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda ya yaƙe su, ya mai da shi gwarzon labarinsa. Lalle wannan sai mai ƙarfin hali. Kwantagora da Bida da Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903, duk gaskiya ne, ba tatsuniya ba.

Daga Burmi kuwa sai tarihi ya ƙare masa, gama ba sauran fagen da mai takobi zai ci nasara. Nan ne malamin ya kwashi Gandoki da ɗansa Garba Gagare ya yi gabas da su, har cikin aljannu, inda ba igwa. Waɗansu malamai na cewa nan littafin ya lalace. Ni ban yarda ba. A ganina ya rasa inda zai ajiye jarumtar mutanensa ne, ya gina mata ƙasa. Abin da ban so ba shi ne ƙarshen, da Gandoki ya komo ya shiga yabon sabon zamani, sai ka ce ba shi ne ya yi ta sara ba.

Da ya bar koyarwa ya yi alƙalanci a Katsina, ya zama Wali, ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu a 1971, Allah ya ji ƙansa.