Ina Tulun Ruwansu?

A shekarar 2001 ne, lokacin da kaset ɗin 'Kaho Naa Pyaar Hai' yake tashe a Kano. Wani matashi ɗan unguwar Yakasai, mai riƙe wa masu ɗaukar hoto waya da fitila a lokeshin, ya hayo kaset ɗin ya kawo gida. Ba labarin ne ya dame shi ba. Jirgin ruwan nan da Hrithik Roshan yake waƙa a cikinsa shi ne ya tsaya masa a rai, domin burinsa a duniya bai wuce wata rana ya zama darakta ya ɗauki waƙa a cikin jirgi ba, ko da a Tiga ne.

Kakansa, wanda bai cika kallon fim ba, ran nan sai ya jawo buzunsa ya zauna. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, can sai ya ce, "Kai ja'iri, ina tulun ruwansu?"

Yara suka kwashe da dariya. Jikan ya ce, "Haba Alhaji, mutanen da ke tsakiyar teku ne za su nemi tulu?"

To a nan ne fa aka tsayar da kaset, domin tsohon ya san abin da yake faɗa. Yana saurayi, wajen 1953, ya bi iyayensa zuwa Makka ta ƙasa, ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Abeshe har El Obeid. Sun yi shekaru biyu suna tsinkar auduga a Jazira kafin su tara kuɗin jirgi, kamar yadda takari da yawa suka yi. Daga nan suka gangara Sawakin, tsohon garin nan na bakin Bahar Maliya da aka gina da dutsen murjani. Mai hali yana shiga babban jirgi mai inji. Talaka kuwa sai sambuk, jirgin katako wanda ba ya motsi sai iska ta cika ƙyallensa.

Abin da masu kallon fim ba su sani ba, mai karatu, shi ne irin wannan jirgi ba miƙewa yake yi kai tsaye ba. Gaɓa yake bi. Bakin tekun Sudan cike yake da duwatsun murjani da ke kwance dab da saman ruwa, kuma ba a ganinsu sai rana ta ɗaga, saboda haka akwai yaron da aikinsa kawai ya hau can sama yana duban launin ruwa: shuɗi mai duhu a wuce, kore-kore a yi hattara, ruwan ƙasa-ƙasa a kauce. La'asar na yi sai a shige wani lungun gaɓa da Larabawa ke kira marsa, a jefa anka, a kwana. In iskar arewa ta taso da ƙarfi, sai a yi kwana uku a wuri guda ana kallon tsaunuka da rairayi. Masu yawon duniya a ƙananan jiragen shaƙatawa, da suka riƙa tsayawa a Sawakin kafin yaƙin Sudan na 2023, haka su ma suke lallaɓawa daga marsa zuwa marsa, duk da inji da na'urorinsu.

A ciki kuwa babu wurin miƙe ƙafa, balle rawa. Mata a gefe guda an kare su da zane, maza a kan buhuna. Girki a cikin wani akwatin yashi ake yinsa don kada wuta ta taɓa katako. Banɗaki wani ɗan akwati ne da aka rataye a jikin jirgin ta waje, ƙasansa teku. Alwala da ruwan gishiri, alƙibla kuma sai ka tambayi matuƙi, don kana cikin raka'a jirgi zai juya da kai. Amma ruwan sha, wannan awonsa ake yi da ƙaramin moɗa, safe da yamma, kuma duk rigimar da aka yi a jirgin a kansa aka yi.

Ƙanwarsa ba ta kai Jidda ba. Zazzaɓi ya kama ta a kwana na biyar, mahaifiyarsu ta riƙa ba ta nata rabon ruwan. A wata marsa da bai san sunanta ba aka sauka aka rufe ta, aka jera duwatsu. Bai ƙara komai a kan wannan ba, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Jikan ya yi zaton daga nan za a hana shi zancen jirgi. Ina! Tsohon cewa ya yi, "Mayar mini baya, wurin da suke wucewa ta bakin gaɓar nan." Sau uku aka mayar masa. Ya ce wallahi da asuba, in iska ta kwanta kifaye suna tsalle, bai taɓa ganin abu mai kyan wannan ba, har ya tsufa.

Bayan shekara biyu aka ɗauki yaron aikin wata waƙa a dam ɗin Tiga. Furodusa ya yi hayar kwale-kwale, jaruma ta sha kwalliya, ba wanda ya iya iyo a cikinsu. Shi kaɗai ya zo da jarkar ruwa da tsofaffin tif na mota guda biyu da kakansa ya sa ya sayo a Ƙofar Ruwa. Har aka tashi aiki ana tsokanarsa da "Sarkin Ruwa". Jarkar dai kafin azahar an shanye ta, darakta ne ma ya fara roƙa.