Duwatsun Da Kakanninmu Su Ke Tsoro

Idan ana zancen tsofaffin wuraren sujada, yawancinmu sai hankali ya tafi Masar ko Indiya, inda aka sassaƙa duwatsu aka gina manyan ɗakunan gumaka. A ƙasar Hausa ba haka abin ya ke ba. Kakanninmu ba su gina wa abin bautarsu soro ba. Dutse ne, ko tsamiya, ko kuka, wani lokaci a kewaye da 'yar katangar ƙasa. Domin haka mutum ya kan wuce wurin da dubban mutane su ka yi shekaru ɗaruruwa su na durƙuso, bai ko waiwaya ba.

Ni malamin makaranta ne a nan Dandume, jikan Bamaguje kuma. Duwatsu uku na sani da ƙafata, su na ke so in ba ku labari, 'yan'uwa.

Na fari Dala ne, a tsakiyar birnin Kano. Tsohon littafin tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya ce a kan dutsen nan Barbushe ya zauna, shi ne mai kula da Tsumburbura. Gidan tsafin itace ne da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. Mutane su kan kawo baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuru, shi kuwa ya shiga da dare, ya fito ya faɗa masu abin da shekara za ta kawo. A zamanin Sarki Tsamiya, wajen 1307 zuwa 1343, aka rushe katangar. Yau an yi matakala, yara su na guje-guje a bisa, gidaje sun matse dutsen ko ta ina. Ba wanda zai iya nuna maka inda itacen ya tsaya.

Na biyu Kufena, yamma da birnin Zariya. Shi na fi ƙauna. Har yanzu ana ganin sauran tsohuwar ganuwa a kewayensa, shaida cewa mutane sun zauna nan tun da daɗewa ƙwarai. A kusa da gindinsa Wusasa ta ke, inda mishan ta ƙaura daga cikin birni a 1929, bayan shekarun da Likita Mila ya yi ya na aiki a Zariya. A can a ke da tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, da bakan gizo da azara, kamar zauren wani babban basarake. In ka shiga da rana tsaka sai sanyi ya rufe ka. Na daɗe ina tunani a kan wannan: waɗanda su ka gina ta ba su ga laifi ba su yi wa Ubangiji ɗaki da hannun Bahaushe da ƙasar Bahaushe, dutsen da a ke tsoro kuma ya na kallonsu ta taga. Mu kuwa yanzu sai bulo da kwano, ginin da zafi ke korar mutum tun ba a kai rabin wa'azi ba.

Na uku Kwatarkwashi, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, bayan an wuce Tsafe. Wanda ya taɓa ganinsa da damina ba ya mantawa. Baƙin dutse ya tashi sama kamar an kifa babbar tukunya, ruwa na gangarowa a jikinsa ya na walƙiya, gari ya kwanta a gindinsa, gonakin dawa sun kewaye. Nan ne gidan tsafin Magiro, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa yaro ya yi shiru a ƙauyukanmu. An kuma san garin da bikin shekara wanda a dā samari su kan hau dutsen su kamo mikiya da ranta.

Amma ba sai an tafi nesa ba. Tsakanin Funtuwa da Malumfashi da Ƙafur akwai gidajen Maguzawa birjik, ba a cikin gari ba, a warwatse cikin gonaki, kowane gida da rumbunansa jere kamar sojoji. Gidan kakana haka ya ke. Akwai tsamiya a gabas da gida, wadda ba a saran reshenta. Can a ke yin kan gida. Kafin ruwan fari mai gida ya kan yanka akuya, a zuba jini da giya a gindinta, a roƙi iskoki su bar gida lafiya su bar amfanin gona. Su Inna da Kure da Gajimare, kowanne da irin dabbar da ya ke so da launinta. Kakata ta karɓi bishara ina ɗan shekara bakwai, amma har ta mutu ba ta yarda ta bi ta gindin tsamiyar nan da almuru ba. Mu yara mu kan yi mata dariya. Da na girma na gane tsoron shekara sittin ba ya fita rana ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne 'ya'yanmu. A ajina akwai yara waɗanda in an ce da su jikokin Maguzawa sai su sunkuyar da kai, kamar an zage su. Waɗansu iyaye kuma su na hana a yi zancen kwata-kwata, wai kada a tada iskoki. Ban yarda da wannan ba. Manzo Bulus da ya isa Atina ya zaga gari ya duba bagadansu ɗaya ɗaya, ya karanta abin da aka rubuta a kansu, sa'an nan ya yi magana da mutanen. Sanin abu dabam, bauta masa dabam. Yaron da bai san abin da kakarsa ta ji tsoro ba, yaya zai gane abin da ta samu sa'ad da ta daina yanka akuya? Ga kuma wani abu: mutanen nan manoma ne na ƙwarai, an san su da riƙon alkawari da ƙin ƙarya har a bakin maƙwabtansu Musulmi. Wannan gado ba na jefarwa ba ne.

Na so in kai 'yan ajina Kwatarkwashi kamar yadda aka kai mu muna yara. Bai yiwu ba. Tun da 'yan bindiga su ka addabi Dandume da Sabuwa da Faskari, aka kuma kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, ba uban da zai sa hannu a takardar tafiya, ni ma ba zan roƙa ba. Gidaje da yawa na cikin gonaki an bar su, tsofaffin da su ka san labarin sun dawo gari su na zaune a ɗakin haya.

Sai na sāke dabara. Na ba kowane yaro ɗan littafin rubutu, na ce ya tafi wurin tsoho mafi shekaru a gidansu ya tambaya abu uku: ina gidanmu na asali, wane itace ko dutse a ke girmamawa a can, wa ya fara kawo bishara. Yara 31 na ba, 19 su ka komo da labari. Wata yarinya ta cika shafi shida, ta ce da ni, "Malam, kaka ta ce in koma ranar Asabar, ba ta gama ba." Littattafan su na cikin akwati a ofishin makaranta. Wanda ya ke da tsoho a gida, ya yi hakanan kafin kaka ta wuce, in ya so ya aiko mani ta hannun faston ekklesiyarsu.